Gidan Sardauna: Abin da Uba Yake Bar wa 'Ya'yansa

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Lafiya da kewaye



Kowa ya san Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a matsayin Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966. A zamanin nan Lafiya tana cikin Lardin Binuwai, watau tana ƙarƙashin gwamnatin da ya shugabanta, tun kafin ta shiga Jihar Binuwai da Filato a 1967, da Jihar Filato a 1976, har ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa a 1996. Amma ba a cika yin maganar yadda ya zauna da iyalinsa ba, alhali kuwa a cikin gida ake gane halin mutum. Wannan jawabi a kan gidan nasa yake, da abin da magidanta da ma'aikatan hukuma za su koya daga gare shi.

Tashinsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah, kusa da Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Duk da wannan asali, maraya ya tashi, domin yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa da danginsa suka riƙe shi, suka sa shi karatun allo, daga baya ya shiga makarantar lardi ta Sakkwato, ya zarce Kwalejin Katsina, ya gama a 1931. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, aka ba shi sarautar Sardauna a 1938. Wanda ya tashi a hannun dangi ya san darajar riƙo, kuma hakan ya bayyana a gidansa bayan ya girma.

Matansa da 'ya'yansa

Sa'ad da ya rasu yana da mata uku. Uwargidansa ita ce Hajiya Hafsatu, 'yar gidan Wazirin Sakkwato, wadda suka zauna tare fiye da shekara talatin. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma wannan bai rage mata daraja a wurin mijinta ba, ita ce dai uwar gida har ƙarshe.

Ɗa namiji da Allah ya ba Sardauna ya rasu tun yana ƙarami. 'Ya'ya mata uku ya bari: Inno, da A'ishatu, da Lubabatu. Ita Lubabatu ba ta ga mahaifinta ba, domin bayan rasuwarsa aka haife ta a cikin 1966. Hajiya A'ishatu ta auri Ahmadu Ɗanbaba, ita ce mahaifiyar Alhaji Hassan Ɗanbaba, Magajin Garin Sakkwato. Ta rasu a 2021, ɗan nata ya bi ta a 2022. Hajiya Lubabatu kuwa ta auri Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya rasu a 2016.

Daren 15 ga Janairu, 1966

A daren juyin mulki na farko, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kai hari gidan Firimiya a Kaduna, suka cinna masa wuta. Sardauna yana tare da iyalinsa suka iske shi. Hajiya Hafsatu ba ta rabu da shi ba, tare aka harbe su, tare suka cika. Mace ba ta tsayawa haka a gaban bindiga sai ga mijin da ya riƙe amanarta. A harabar gidan nan ne daga baya aka kafa Gidan Arewa, cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Darasi na farko: 'ya mace

Har yanzu akwai magidancin da yake ɓata fuska idan aka yi masa albishir da 'ya mace, akwai kuma wanda yake wulaƙanta matarsa ko ya sake ta don ba ta haihu ba. To, ga jikan Shehu, mai mulkin yankin da ya fi kowane girma a Nijeriya, bai bar ɗa namiji ba, kuma sunansa bai ɓace ba. Haihuwa kyautar Allah ce, mace ko namiji. Abin da ke wuyan uba shi ne ci da sha, da tarbiyya, da karatu. Wanda ya cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata talla, ya ci amanar da aka ba shi.

Darasi na biyu: dukiyar jama'a

Ma'aikaci da yawa idan ya sa hannu a baitulmali, hujjarsa ita ce yana yi wa 'ya'yansa tanadi. Sardauna ya riƙe gwamnatin Arewa shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni, kuɗin gyaɗa da na auduga suna bi ta hannun gwamnatinsa, amma waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa bai tara wa iyalinsa dukiya ba. Abin da ya samu, a kan baƙi da mabukata yake ƙarewa. Abin da ya bari a bayansa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da Bankin Arewa, da jaridar New Nigerian. 'Ya'yan Lafiya da Keffi da Akwanga da yawa sun ci wannan gado ba tare da sun haɗa jini da shi ba. Dukiyar haram kuwa, ko an bar wa ɗa, ramin ƙarya ce, ƙurarre.

Darasi na uku: ɗa na kowa ne

Sardauna bai taƙaita ubanci ga 'ya'yan cikinsa ba. Ya jawo samari daga kowane lardi, Musulmi da Kirista, ya horar da su a aikin gwamnati. Cif Sunday Awoniyi, Bayarabe Kirista daga Mopa a Lardin Kabba, ya yi aiki kusa da shi har aka riƙa yi masa laƙabi da ƙaramin Sardauna. Wannan darasi ya shafi Lafiya ƙwarai, garin da Barebari, da Alago, da Eggon, da Migili, da Gwandara, da Tibi, da Hausa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya. Yaro a bakin iyayensa yake fara jin yadda ake kiran maƙwabci. Idan da raini ya ji, da raini zai tashi, kuma gobe shi za a miƙa wa makami.

Kammalawa

Taken gwamnatin Arewa a zamaninsa shi ne aiki da ibada. Saboda haka ana kira ga kowane magidanci da ya sa 'ya'yansa a makaranta, mata da maza, ya mutunta matarsa ko ta haihu ko ba ta haihu ba, ya ciyar da gidansa da halal, ya kuma riƙi marayan da ke cikin danginsa kamar yadda aka riƙi maraya Ahmadu a Rabah.

Allah ya jiƙan Sardauna da Hajiya Hafsatu, ya shirya zuriya, ya zaunar da Nijeriya lafiya. Amin.