YARJEJENIYAR DUNIYA A GABAN ALƘALIN GIDA

Wani lauya ya yi wa 'yan kasuwa jawabi a Taminus cikin garin Jos, kusa da kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002. Ya roƙi a isar da maganarsa ga 'yan'uwa mazauna Agege, Sabon Badun, Shagamu da Fatakwal, gama baƙo ne ya fi kowa bukatar sanin inda doka ta tsaya masa.

Ya ce jama'a da yawa suna tsammani da zarar Nijeriya ta sa hannu a wata yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam, shi ke nan alƙali zai yi hukunci da ita. Ba haka abin yake ba. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, kamar na 1979, ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Ya ba da misali da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Nijeriya ta amince da ita a 1991, amma sai a 2003 aka yi mata doka, sa'an nan aka bar wa kowace jiha ta kafa tata.

Ya ci gaba da cewa wadda ta riga ta zama 'yar gida ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummai, wadda shugabannin Afirka suka ƙulla a Nairobi a 1981, Majalisa kuma ta mai da ita doka a 1983. Sashenta na 6 ya hana tsare mutum ba bisa doka ba, na 12 ya ba shi damar zama inda ya so cikin ƙasa, na 14 kuwa ya kare dukiyarsa.

Da aka kama Cif Gani Fawehinmi a Ikko cikin Janairun 1996, zamanin Janar Abacha, da wannan yarjejeniya lauyoyinsa suka kai ƙara. Gwamnati ta ce dokar soja ta ɗaure wa kotu hannu. A Afrilun 2000 Kotun Ƙoli ta yanke cewa yarjejeniyar dokar Nijeriya ce, wajibi ne alƙalai su yi aiki da ita, amma tana ƙarƙashin tsarin mulki.

A nan mai jawabin ya ja kunnen masu sauraro kada su ɗora wa yarjejeniyar kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Tsarin mulki da kansa ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci, saboda haka takarda daga Nairobi ba za ta kashe gardamar ɗan ƙasa da baƙo ba, wadda mutanen Jos suka ɗanɗana ɗacinta tun rikicin Satumban 2001. Amma wanda aka kulle kwana da kwanaki ba a kai shi gaban alƙali ba, ko aka rushe masa rumfa ba bisa ƙa'ida ba, ko aka ce ya tattara ya koma garinsu, to yana da madafa.

Ba sai ya koma Arewa ba, in ji shi. Babbar Kotun jihar da abin ya faru tana da ikon jin kukansa. Ƙa'idojin da Babban Jojin Nijeriya Idris Legbo Kutigi ya kafa a 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, ko ɗan'uwa ne ko ƙungiya.

Daga ƙarshe ya shawarci sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa na kudu su nemi lauya tun ana zaman lafiya, su adana rasit na rumfuna da na haraji, su kuma rubuta rana da wurin da aka kama nasu. Alƙali, in ji shi, da shaida yake aiki, ba da kuka ba.