"Na gudu": abin da tafinta yake bukatar ji kafin ya fassara

Jawabin da tafintan sashen kariya ya yi wa iyalai a unguwar Habbena, N'Djamena



Aikina kun san shi: ina zama tsakaninku da jami'in kariya, ku faɗa da Hausa, ni in mayar. A nan Chadi da Faransanci ake cika takardu, amma idan maganar mutum ta kai ga sake tsugunar da shi a wata ƙasa, sau da yawa da Ingilishi ake rubuta labarinsa. To a nan kalmar "na gudu" take ba ni wahala.

A bakinmu, wanda ya bar Baga ranar 3 ga Janairun 2015 ya faɗa kwalekwale zuwa Ngouboua, ya gudu. Yaron da ya ƙi makaranta ya gudu. Wanda ya kwashe kuɗin ubangidansa, shi ma ya gudu. Ingilishi bai haɗa su wuri ɗaya ba.

Idan na ce *flee*, jami'i zai fahimci haɗari ne ya taso ka tashi kafin ya cim maka. Gudun hijira ke nan, kuma yawancinku ita ce kalmarku. *Escape* kuwa ta fi kusa da kuɓuta: an riƙe ka, ko an rufe ka, ko mutuwa ta riga ta zagaye ka, sannan ka fita. *Run away* ta fi sauƙi a kunnensu, da ita suke faɗin yaro ya bar gida.

Akwai biyu da nake tsoro. *Abscond* gudun marar gaskiya ce, wanda ya sulale da kayan mutane ko ya tsere wa shari'a. *Desert* kuma ta soja ce, ko wanda ke cikin rundunar masu makami ya bar ta. Da zarar ta shiga takarda, tambayoyi sun sauya: wace runduna, ka riƙe bindiga, me ka aikata? Ba mugunta ba ce. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana ba da kariya ga wanda ya aikata laifin yaƙi, don haka dole a bincika. Amma masuncin da aka kama aka tilasta masa tuƙa jirgi, ya samu dare ya tsere, bai kamata tafinta ya yi masa laƙabin mayaƙi da kalma ɗaya ba.

Ni ma na taɓa yin kuskure. Farkon fara aikina, wata baiwar Allah ta ce, "Na gudu da dare, ni da 'yata." Na ce *flee*, muka wuce. Sai a zama na biyu ta bayyana cewa watanni ta yi a hannun mutanen daji. Kunya ce ta hana ta faɗa, ni kuma ban tambaya ba. Da na ce *escape* tun ranar farko, da an tura ta wurin likita da masu kwantar da hankali ba tare da ta jira makonni ba. Har yau abin yana damuna.

Don haka kada ku tsaya a "na gudu". Ku faɗi daga me, ko daga wa. An tsare ku? Kwana nawa, a ina, ta yaya kuka fita? Abin da ba ku tuna ba, ku ce ba ku tuna ba; ya fi ƙirƙira. Kuma don Allah kada wani ya haddace waɗannan kalmomi ya shiga yana jefa su, ko ya sayi labari a bakin masu cewa sun san hanya. Hidimar HCR kyauta ce. Ku yi Hausarku, Hausa ma tana da tsira, da kuɓuta, da sulalewa, da ƙaura, kuma duk ina jin bambancinsu.

Idan an gama zama, ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta, inda bai yi daidai ba ku ce a gyara. Iyayena mata, wadda maganarta ba ta faɗuwa a gaban namiji, ta nemi tafinta mace tun kafin a fara. Ba zan ji haushi ba ko kaɗan.

Wanda aka riga aka yi wa tambayoyi, kuma yanzu yake ganin akwai abin da ya ɓoye ko aka juya ba daidai ba, ya tsaya bayan an tashi, mu shiga wurin jami'i tare.