Awon Girman Funfuna a Ɗakin Gwaji



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake auna saurin girman funfuna, da kuma tarkon da ke cikin awon. Batun ya shafi ɗaliban da ke koyon sarrafa ƙwayoyin gado na ƙananan halittu, kamar masu shiga gasar iGEM, wadda ta samo asali daga wani kwas a jami'ar MIT ta Amurka a 2003. Duk ɗalibin da ya canza wa funfuna ƙwayar gado, tambayar farko da za a yi masa ita ce: shin canjin ya rage mata ƙarfin girma? Amsar kuwa ba ta samuwa sai da awo.

Funfuna dai zare-zare ce, kuma kowane zare ta bakinsa kaɗai yake ƙara tsawo, sa'an nan ya yi rassa. Hanya mafi sauƙi ita ce a dasa ɗan gutsurenta a tsakiyar farantin Petri mai faɗin milimita 90, a ajiye a zafi guda, alal misali digiri 25, a riƙa auna faɗin da'irar kullum a lokaci ɗaya, a tsaye da a gicciye. Funfuna mai gaggawa takan cika farantin nan da nan. Saboda haka ne a 1943 Ryan da Beadle da Tatum suka bayyana hanyar dogon bututun gilashi: a dasa Neurospora a baki ɗaya, a riƙa sa alama inda ta kai. Takan ci milimita 3 zuwa 4 cikin awa guda.

To, ga inda gizo ke saƙa. Faɗin da'ira ba shi ne yawan jiki ba. A 1971 Trinci, wani masani a Ingila, ya nuna cewa zaruruwan da ke gefen da'irar ne kawai ke tura ta gaba, na tsakiya kuwa ba su da hannu a ciki. Watau saurin faɗaɗa ya dogara ga abu biyu: ainihin saurin ƙaruwar jiki, da kuma faɗin wannan gefe mai aiki. Funfuna mai yawan rassa takan dunƙule wuri ɗaya, da'irarta ta zama ƙarama, alhali nauyinta bai gaza na 'yar'uwarta ba. An ga haka a funfunar Fusarium da ake yin abincin Quorn da ita: idan ta daɗe a tukunyar reno, sai irin mai yawan rassa ya ɓullo ya mamaye na asali, ko da yake a faranti shi ne mai ƙaramar da'ira. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Maganin wannan ruɗu shi ne a haɗa rula da sikeli. A reni funfunar cikin ruwan abinci, a tace a lokuta dabam-dabam, a busar, a auna nauyinta. Bugu da ƙari, tilas a reni ta asali wadda ba a taɓa ba kafaɗa da kafaɗa da wadda aka canza, abinci ɗaya, zafi ɗaya, kuma a maimaita aƙalla sau uku. Ɗalibin da ya tsaya ga rula kaɗai yana iya zubar da irin da ya fi kowanne kyau, ya yi asarar aikin shekara guda.

Wannan ilmi bai tsaya ga ɗakin gwaji ba. Aspergillus flavus da ke sa dafin aflatoksin a gyaɗa da masara, ana yaƙarta a gonakin Nijeriya da Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da abokan aikinta. Ba komai ba ne illa irin funfunar marar dafi, mai riga mai dafin kama wuri. A nan ma tseren girma ne, kuma wanda ya iya awo shi zai san mai cin tseren.