Izinin Wa Aka Nema? Jawabi a kan Ɗaukar Hoto a Ikkilisiyoyinmu

  Sa'ad da aka sanar cewa zan yi magana a kan ɗaukar hoto, wani dattijo ya tare ni ya ce, "Fasto, matsalolinmu sun ƙare ne har muka koma kan hoto?" Ban ba shi amsa a ranar ba. Baba, ga amsar yau, zan kuma fara da wani kuskure da ni kaina na yi.

A wata ikkilisiya da na taɓa yin hidima, mun yi wa mutum bakwai baftisma a rafi. A cikinsu akwai wani saurayi da ya karɓi Ubangiji, amma bai riga ya gaya wa mahaifinsa ba. Muna ta addu'a tare da shi, yana jiran lokacin da ya dace. Ni na kira mai hoto, ni na biya shi da kuɗin ikkilisiya, ban kuwa ce masa kome ba sai dai "ka ɗauka da kyau." Ya kuwa ɗauka da kyau. Hoton ya burge shi har ya wanke babba, ya manna a allon da ke ƙofar shagonsa a bakin kasuwa domin jawo masu ciniki. Kafin kasuwa ta sake ci sau biyu, kawun yaron ya gani. Yaron nan ya yi kwana uku a ɗakin ajiyar hatsi na gidana kafin mu kai shi wani gari. Ya rasa gonarsa, an kuma ɗauki shekaru kafin ya sake zama da mahaifiyarsa su gaisa. Mai hoton ɗan ikkilisiya ne, da ya ji abin da ya faru sai da ya yi kuka. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai hoton da ba a mannawa. Wanda ya kamata ya gaya masa kuwa ni ne.

Wancan allo ɗaya ne a kasuwa ɗaya. Yau kusan kowane matashi a ƙungiyar mawaƙa yana da kyamara a aljihunsa, kafin a yi addu'ar rufewa hoton ya riga ya shiga Facebook, WhatsApp ko TikTok. Wayoyi da yawa suna rubuta rana da wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, idan an bar wannan saiti a kunne. Abin da ya shiga waya ɗari kuwa ba mai iya kiransa ya dawo. Babbar majami'a a birnin da Kirista suka yi yawa tana iya watsa sujadarta kai tsaye ba tare da fargaba ba. Mu kam 'yan kaɗan ne a garuruwanmu, kowa ya san fuskar kowa.

Littafi Mai Tsarki bai ambaci kyamara ba, amma ya yi magana sosai a kan rufin asiri. A Farawa sura 9, Nuhu ya sha ruwan inabi ya kwanta tsirara a alfarwarsa. Ham ya gani ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun dube shi ba. Ku lura, Ham bai yi ƙarya ba. Abin da ya faɗa haka yake, duk da haka bai sami albarka ba. Ina faɗin wannan ne domin matasanmu da ke cewa, "Ai Fasto abin da ya faru ne na ɗauka." A Markus sura 5, kafin Ubangiji ya ta da 'yar Yayirus sai da ya fitar da taron, ya bar iyayen yarinyar da almajirai uku kawai. A sura 7 ya ja kurman nan gefe, nesa da jama'a, kafin ya warkar da shi. Nikodimu da dare ya zo, ba a kuwa kore shi don ya zo da dare ba. Yusufu mutumin Arimatiya almajiri ne a ɓoye, shi ne kuma ya fito ya roƙi jikin Ubangiji sa'ad da waɗansu suka gudu. Lokacin da mutum zai bayyana bangaskiyarsa a fili tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Ikkilisiya za ta koyar da shi, ta ƙarfafa shi, amma mai hoto ba shi da iko ya yanke masa ranar.

Dokar ƙasa ma ta yi magana, ya kamata kuma dattawa su san abin da ta ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kāre sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya addini. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kāre Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman a kan wannan aiki. Hoton da za a iya gane mutum a ciki yana cikin bayanan da dokar ke kārewa. Ta kuma ware waɗansu bayanai a matsayin masu bukatar kulawa ta musamman, a cikinsu akwai addinin mutum, da ƙabilarsa, da lafiyar jikinsa. Hoton baftisma yana bayyana addini, hoton addu'a a gadon asibiti yana bayyana rashin lafiya. Dokar ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe irin waɗannan bayanai na membobinta domin hidimarta, amma da sharaɗin ba za ta fitar da su waje ba sai da amincewar mai su a fili.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda dokar ta bayyana izini. Ta ce shiru ba amincewa ba ne. Mu kuwa a al'adarmu, idan fasto ko baƙo mai babbar mota ya ɗaga kyamara, wace gwauruwa ce za ta ce a'a? Za ta sunkuyar da kai ne kawai, mu kuma mu ce ta yarda. Izini yana iya zama a rubuce, ko da baki, ko ta waya, amma wanda ya ɗauki hoton ne zai kawo shaida cewa an ba shi. Mutum yana da iko ya janye izininsa daga baya. Yaron da bai kai shekara 18 ba, iyayensa ko mai riƙonsa ne za su amince. Tara tana iya kai Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa a cikinsu, ga manyan ma'aikatu kuma Naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Dokar ta sassauta wa wanda ya ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa kawai, da kuma aikin jarida a waɗansu fannoni. Shafin ikkilisiya a intanet da allon tallan mai hoto ba su shiga lissafin amfanin gida ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Ghana ma suna da irin wannan doka da hukumominta a ƙasashensu.

Yanzu ku 'ya'yana masu sana'ar hoto. Na san da wannan aiki kuke ci, kuna kuma shan wahala da masu karɓar hoton aure su hana ku cikon kuɗi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana tare da ku a kan cewa wanda ya ɗauki hoto shi ne mai fasahar. Amma dokar nan ta ce idan mutum ya ɗauke ku aiki domin hoton sha'aninsa na gida, kamar aure ko suna, yana da iko ya hana a buga hoton, ko a baje shi, ko a watsa shi ga jama'a, sai dai idan kun yi wata yarjejeniya dabam. Saboda haka kuɗin da ango ya biya ku ladan aiki ne. Idan kuna so ku sa hoton amarya a allo ko a shafinku don talla, ku tambaya tun ranar ciniki, ku rubuta a takardar da kuke rubuta kuɗin kafin alƙalami. Layi biyu ya isa. Ku kuma tuna, amincewar ango ba ta rufe dukan baƙin da ke wurin ba. Kusan kowannenmu yana da dangi Musulmi, suna zuwa bukukuwanmu don zumunci, da yawa cikin matansu ba sa son a ɗauke su, wasu ma zuwan nasu majami'a zai iya jawo musu surutu a unguwa. Wanda ya girmama mu ya zo, kada mu saka masa da abin da zai hana shi dawowa.

Akwai wani wuri da na fi jin kunya, wato rabon taimako. Bayan kowane rikici, baƙi sukan zo da buhunan masara da barguna, su jera gwauraye da marayu a rana, kowa ya riƙe buhunsa, a ɗauka. Wani lokaci mu fastoci ne muke jera musu. Na fahimci masu ba da kuɗi suna bukatar shaida cewa kaya sun iso, wannan daidai ne. Amma ana iya ɗaukar buhunan, da rajistar masu karɓa, da hannuwa ko bayan mutane, ba tare da fuska ba. Kada kuma a taɓa haɗa izinin hoto da buhu, domin mai jin yunwa zai amince da kome. Matiyu sura 6 ta riga ta gargaɗe mu a kan sadakar da ake yi don idon mutane.

Wasunku sun taɓa ganin hoton nan na ƙaramin yaro da yunwa ta kayar a ƙasa, ungulu tana tsaye a bayansa. Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauke shi a Ayod, a kudancin Sudan, a 1993. Jaridar New York Times ta buga shi a watan Maris na shekarar, ya kuma sami lambar yabo ta Pulitzer a 1994. Hoton ya sa duniya ta waiwayi yunwar Sudan, ba na musun wannan. Amma shekara 18 duniya tana kallon yaron nan tana ce masa yarinya. Sai a 2011 wata jaridar Sifen ta nemo mahaifinsa, aka gane namiji ne, ya kuma tsira daga waccan yunwa, ya rayu har ya girma kafin ya rasu. Duk lokacin da baƙo ya ɗaga kyamara a kan yaranmu na sansanin gudun hijira, nakan tambaye shi ko ya san sunan ko da ɗaya daga cikinsu, da kuma ƙasar da hoton zai je.

A kan jana'iza da gawarwakin waɗanda aka kashe, maganata gajeriya ce. Akwai matan da suka fara sanin mutuwar mazajensu ta hoton da ya faɗo a WhatsApp. Idan ana bukatar hoto domin shaida ga hukuma ko lauya, majalisar dattawa ta zaɓi mutum ɗaya ya ɗauka, a adana a hannun magatakarda.

Ga roƙona ga majalisun dattawa. Kowace ikkilisiya ta san mutum ɗaya ko biyu da aka ba izinin ɗaukar hoto a lokacin sujada, a kuma riƙa sanarwa kafin a fara, a ware kujeru a gefen da kyamara ba ta kaiwa. Baftismar sababbin tuba, fasto ya zauna da kowannensu shi kaɗai tun kafin ranar, ya tambaye shi, wanda ya ce a'a a yi tasa bayan an ajiye wayoyi. Hoton yaran Makarantar Lahadi kada ya fita da suna, ko da rigar makaranta, ko da sunan unguwa. Wanda ya zo ya ce a cire hotonsa, a cire a ranar, kada a tambaye shi dalili.

Sauran tsofaffin hotunan da suka riga suka hau shafukanmu. Ina roƙon kowane magatakarda ya zauna da shugaban matasa kafin taronmu na gaba, su bi shafin ikkilisiya tun daga farko, su fara da hotunan baftisma da na rabon taimako. Takardar neman izini da muka tsara da Hausa tana wurin sakataren taro, kowace ikkilisiya ta karɓi kofi ɗaya kafin a tashi. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaida ɗaya daga danginsa ko daga Zumunta.