Rabon Matsugunan Marasa Muhalli a Gundumar Orange

A farkon shekarar 2018, lokacin da hukumomin gundumar Orange ta jihar Kalifoniya a Amurka suka tashi ɗaruruwan marasa muhalli daga gaɓar kogin Santa Ana, alƙalin kotun tarayya David Carter ya nace cewa sai an samar musu matsuguni, wato gidan da mutum zai samu gado da abinci kafin ya samu muhalli na dindindin. A watan Maris majalisar gundumar ta amince a kafa irin waɗannan matsugunai a biranen Irvine da Huntington Beach da Laguna Niguel, amma da mazauna wuraren, waɗanda galibinsu masu hannu da shuni ne, suka yi zanga-zanga, sai aka janye shirin cikin 'yan kwanaki. Hakan ya bar birnin Santa Ana, wanda talakawa suka fi yawa a cikinsa, da kaso mai yawa na nauyin da birane 34 na gundumar ya kamata su raba, alhali tsadar haya da ke jefa mutane kan titi ta shafi yankin baki ɗaya. Adalci shi ne doka ta wajabta wa kowane birni kasonsa gwargwadon yawan jama'arsa da ƙarfin aljihunsa.