Sana'o'i da Hanyoyin Ci Gaba a Harkar Yawon Buɗe Ido



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin karɓar baƙi, wanda ake kira harkar yawon buɗe ido. Yawancin ɗalibanmu suna yi masa kallon aikin boyi, alhali kuwa tun zamanin fatake kakanninmu suke cin abinci da shi. Fatoma, wato mai masaukin baƙi, shi ne mai saukar da falke, ya adana masa kaya, ya sada shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa.

To, me baƙo yake zuwa gani? Akwai gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, da giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki. Akwai bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. Hukumar UNESCO ta sa ƙasar Sukur ta Jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, da tsohon birnin Agadas a 2013, ta kuma sa hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar ma'aikata.

Ayyukan sun kasu kashi uku. Na farko shi ne aikin otal, inda ake da mai karɓar baƙi, da kuku, da akawu, da mai kula da ɗakuna. A nan matakan a bayyane suke: mutum yakan fara daga teburin karɓar baƙi, ya zama shugaban sashe, daga bisani ya kai manaja. Na biyu shi ne aikin gwamnati, kamar kula da gandun daji, ko gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano, ko ma'aikatun al'adu na jihohi. Wanda ya karanta tarihi ko labarin ƙasa ko ilmin dabbobi yana da gurbi a nan. Na uku shi ne zaman kai: jagoran baƙi, da tafinta, da mai shirya tafiye-tafiye, har da na aikin Hajji da Umra.

Me ke ɗaga mutum a wannan fage? Takardar shaida tana buɗe ƙofa, amma harshe da amana su ke hawa da shi sama. Ɗalibin da ya haɗa Turanci da Faransanci ko Larabci ya fi takwaransa daraja a idon mai ɗaukar aiki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Baƙo ba ya zuwa inda babu kwanciyar hankali. Saboda rashin tsaro, bikin Argungu ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka farfaɗo da shi. A tsawon wannan lokaci direbobi da masu abinci da masu masauki sun rasa cinikin da suka saba. Saboda haka ku ma'aikatan gwamnati, tsaro da hanyoyi da gyaran wuraren tarihi suna wuyanku. Ku kuwa ɗalibai, ku nemi aikin gwaji a lokacin hutu, ku koyi tarihin garinku har ku iya ba da shi ga wanda bai san shi ba.

 Allah ya sa mu dace.