KADA KARATUN ƘANNENMU YA TSAYA A SAKANDARE

Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar ga iyaye da matasa a Mabai, ƙaramar hukumar Ƙanƙara.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzonsa (S), iyayena da malamaina, ina neman afuwa, don yaro ne ya miƙe a gabanku. Abin da ya tsayar da ni ya shafi ƙannena da ke zaune a nan.

Duk mun san abin da ya faru ranar 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Allah Ya kuɓutar da su, amma tsoron bai bar zukatan iyaye ba, daga nan har Faskari da Sabuwa. To, yaron da ya daure ya gama sakandare cikin wannan hali, haƙƙinsa ne a kanmu mu raka shi gaba.

Ni kaina na gama sakandare da sakamako mai kyau, amma na zauna a gida. Sunan da ke kan takarduna ya saɓa da wanda ke kan katina na ɗan ƙasa, babu wanda ya faɗa mini, kafin a gyara an rufe rajista. Shekarar da ta biyo kuma kuɗin ya tafi wajen taki. Wallahi 'yan uwa, rashin mai nuna hanya ya fi talauci cutar da ni.

Ga hanyar a taƙaice. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NBAIS, har da Turanci, galibi kuma da Lissafi. Sai jarrabawar JAMB, darussa huɗu, maki 400. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Saboda haka duk yaron da ya shiga aji biyar, a duba sunansa da ranar haihuwarsa tun yanzu, a kuma adana layin wayar da zai yi rajista da shi. Ku dubi abin tausayi, yaron da bai taɓa dafa kwamfuta ba, ranar jarrabawa ne zai fara ganin ta!

Makarantun kuwa ba su yi mana nisa ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a can, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Wanda makinsa ya gaza, akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa. Ƙannenmu mata kuma ga makarantar ungozoma a Malumfashi. Mu da muke kukan babu mace da za ta duba matanmu a asibiti, daga ina za ta fito in ba mu tura 'ya'yanmu ba?

Batun kuɗi, a 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a ciki, amma bashi ne, za a biya bayan an gama. Kuma sai yaro ya samu gurbi tukuna. Kuɗin rajista da na mota zuwa wurin jarrabawa, wannan namu ne.

Don haka nake roƙon abu uku. Na ɗaya, idan kaka ta yi, kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta masara, a damƙa wa dattawa biyu amintattu, a sayar, a yi wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi rajista. Na biyu, duk wanda ya yi karatu a cikinmu ya ba da yammacin Alhamis da Juma'a, a aro ajin Islamiyya a riƙa bitar Turanci da Lissafi, mai kwamfuta kuma ya kawo yara su saba da ita. Na uku, wanda zuciyarsa ke ga sana'a, walda ko ɗinki ko gyaran waya ko haɗa sola, a kai shi wurin ubangida na kirki, kada a kira shi wanda ya kasa.

Ni na ɗauki Lissafi, ranar Alhamis bayan La'asar insha Allahu. Wanda zai ɗauki Turanci ya same ni kafin a watse.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka.